Littafin aikin ginin Islamiyyarmu a tsohon filin kuza, Bukuru

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau muka shiga fili. Kwamitin Islamiyyar unguwarmu ya ɗora mini kula da ginin, tunda sana'ata ce, ni kuma na ɗauki alkawarin rubuta duk abin da ya gudana, domin waɗanda suka ba da gudummawa, na gida da na nesa, su san inda kuɗinsu ya shiga. Filin yana gefen Bukuru, kusa da Jos, wani bawan Allah ne ya bayar da shi waƙafi. Zanen da aka yi tun bara na bene ne, azuzuwa huɗu a ƙasa, huɗu a sama.

Na isa da sassafe, sanyi na ratsa ƙashi, leburori sun kewaye wutar ƙirare suna jiran a ce su fara. Na zaga filin da ƙafa sau biyu. A ido ba shi da aibu, a shimfiɗe yake kamar faranti, ko dutse ɗaya babu. Wannan shimfiɗar ce ta hana ni sakewa. Ɓangaren yamma jar ƙasa ce mai tauri, irin wadda muka sani. Ɓangaren gabas kuwa ƙasar fari-fari ce, tana zubewa a hannu, ciyawarta tsilla-tsilla, ga wasu tsofaffin bishiyoyin turare a jere. Duk ɗan Jos ya san inda aka fi shuka turare a jere haka: wuraren da aka cike bayan haƙar kuza. Ga kuma tafkin kuza can ƙasa, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba.

Na ce wa shugaban kwamiti ba za a sa diga a ƙasa ba sai an yi awo. Na sallami leburori da kuɗin motarsu.

Asabar, 18 ga Janairu

Baba mai gadin filin ya haura tamanin, kuma ya yi lebura a kamfanin kuza tun yana saurayi. Yau na kai masa goro na zauna kusa da shi a kan benci.

"Baba, wannan wurin da can mene ne?"

Bai amsa ba sai da ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya ce in biyo shi. Ya ja layi a ƙasa tun daga gindin turaren farko har kusa da hanya, layin ya ɗan karkace kamar baka. "Ɗana, daga nan zuwa can duk rami ne. Na sauka cikinsa da kwano a kai. Idan kana ƙasa, mutumin da ke sama kamar yaro kake ganinsa. Da aka gama sai katafila ta turo ƙasa ta rufe." Na tambaye shi ko an daddanne ƙasar da aka zuba. Ya dube ni ya ce, wa zai danne? Turowa kawai aka yi aka tafi.

Layin da Baba ya ja ya ratsa tsakiyar inda aka zana benen.

Ga waɗanda ba 'yan nan ba: Turawa sun fara haƙar kuza gadan-gadan a wannan tudu tun farkon shekarun 1900, kamfanoni irin su ATMN, babban kamfanin haƙar kuza, suka kafu a Bukuru, har a shekarun 1950 Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza. Da farashin kuza ya faɗi a 1985, abin da ya rage na manyan kamfanoni ya durƙushe. Suka bar mana tafkuna, da tuddan ƙasa, da ramukan da aka rufe ba tare da wata alama ba. Garin kuma ya ci gaba da faɗaɗa a kansu. Takardar fili tana nuna iyaka ta gabas da yamma, ba ta faɗin abin da ke ƙasa.

Laraba, 29 ga Janairu

Ramukan gwaji biyar muka haƙa da katafila, kowanne mita 3. Biyu na yamma sun ba da abin da ake so: baƙar ƙasa taki ɗaya, sai marmara mai tauri wadda haƙorin katafila ke kartawa da ƙyar. Uku na gabas kuwa gauraye ne na yashi, da farin yumɓu, da tsakuwa, ba tsari. A rami na huɗu, a zurfin mita 2 da rabi, muka ciro guntun bututun ƙarfe da ya yi tsatsa da tafin takalmin roba. Allah bai halicci ƙasa da takalmi a cikinta ba. Maganar Baba ta tabbata.

Ban bar kowa ya sauka ramukan gabas ba, bangonsu yana zubowa da kansa. Daga sama muka ɗebi samfur, aka mayar da ƙasa kafin yara su taso daga makaranta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Masu awon ƙasa sun kwana uku suna huda. Yadda awon yake: ana sako guduma mai nauyin kilo 63 da rabi daga tsayin santimita 76 a kan bututu, a ƙirga bugu nawa zai shigar da shi santimita 30. Ƙasa mai ƙarfi tana cin bugu da yawa. A yamma mun samu sama da 30 tun daga mita ɗaya da rabi. A gabas bugu 3, bugu 4, wani wurin ma nauyin gudumar kaɗai ya tura bututun. Haka aka yi ta tafiya har mita 7 kafin a taɓa ƙasa ta asali. Ruwa kuma yana tsaye a mita 4, a tsakiyar rani ke nan.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Zaman kwamiti bayan la'asar, kuma bai yi sauƙi ba.

Na kai bulo biyu da katako da tsohuwar katifar soso. Na ɗora rabin katakon a kan bulo, rabi a kan katifa, na sa wani yaro ya taka. Katakon ya karkata. Na ce to haka benenmu zai yi: rabi a kan marmara, rabi a kan cike. Da a ce duka ginin zai nitse daidai wa daida, da da sauƙi. Amma gefe ɗaya zai tsaya, ɗaya ya sauka, bango ya tsage daga kusurwar taga, dekin ya biyo baya. Kuma ba rana ɗaya zai nuna ba, sai damina ta jiƙa ciken sau biyu ko uku, lokacin yara sun cika azuzuwa.

Alhajin da ya fi kowa ba da kuɗi ya ce, "Injiniya, gidaje nawa ne a unguwar nan a kan irin wannan ƙasa, ga su a tsaye?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne suna tsaye, amma a zaga bayansu a ga tsagar da ake toshewa duk shekara. Kuma gidan mutum ɗaya mai ɗaki uku daban, bene mai ɗauke da yara ɗari uku daban." Wani ya kawo shawarar a kafa ginshiƙan kankare har su taɓa ƙasa mai ƙarfi. Ana yin haka, kuma yana aiki, sai dai kuɗinsa zai cinye abin da muka tara kaf ba a ɗora bulo ɗaya ba, ga buhun siminti ya doshi naira dubu goma.

Hajiya shugabar ɓangaren mata ce ta kashe maganar. Ta tuna mana ranar 12 ga Yulin bara, da makaranta ta rufta a unguwar Busa Buji a Jos ana tsakiyar jarrabawa, mutum 22 suka rasu, akasarinsu yara. Ta ce ta je asibiti a ranar, ta ga iyaye mata suna bin gadaje suna ɗaga mayafi. "Ni dai ban tara kuɗin mata don a gina abin da za mu riƙa kwana da fargabarsa ba." Ɗakin ya yi tsit. Liman ya ce a bi maganar masu sani.

An yanke: an fasa bene. Za a yi azuzuwa shida a ƙasa, a jere su a yamma, a bar tazarar mita 6 daga bakin tsohon ramin. Gabas ta zama filin wasa. Mun rasa azuzuwa biyu, kuma na san zafin hakan, don akwai yaran da ke karatu a zaure yanzu haka. Sabon zane zai koma hukumar raya birnin Jos, JMDB, don amincewa.

Talata, 25 ga Fabrairu

Allah ya kiyaye yau. Ana share ciyawa a kusurwar kudu maso gabas sai ƙafar wani lebura ta burma har gwiwa. Da aka buɗe, rijiyar loto ce, irin wadda masu haƙar hannu ke yi bayan tafiyar kamfanoni. Faɗinta bai fi mita ɗaya ba, an rufe bakinta da itace, itacen ya ruɓe, ƙasa da ciyawa sun lulluɓe. Na ɗaura dutse a igiya na zura, ya yi mita 14 kafin in ji ruwa.

Wani matashi ya ce a ɗaura masa igiya ya leƙa. Na hana. Irin wannan rijiya iskar ƙasanta kan ƙare, mutum ya sume bai ko yi ihu ba, wanda ya bi shi ceto shi ma ya tafi. Abin da ya fi damuna shi ne masu loto ba sa tsayawa a tsaye, idan sun kai ga kuza sai su yi rami a kwance su bi ta. Don haka na nemo masanin da ke auna ƙasa da wutar lantarki, ya ja wayoyinsa a duk filin. Bai ga alamar kogo a ƙarƙashin inda za mu yi gini ba, ya nuna wuri ɗaya da yake shakka a gabas, muka tona muka samu rijiya ta biyu, ta riga ta cike da kanta rabi. Duka biyun za a cika su da duwatsu, a rufe da murfin kankare mai rodi wanda ya zarce bakin da mita ɗaya ta ko'ina, a kuma sa su a taswirar makaranta don na baya su sani.

Talata, 11 ga Maris (11 ga Ramadan)

An amince da zane, an fitar da layin gini, an fara haƙar harsashi. Saboda azumi muna farawa da an idar da asuba, mu tashi ƙarfe ɗaya.

Jiya da yamma bayan na tafi, wani mai son lada ya aiko da tifa biyu na yashi kyauta. Da safe na tarar an fara ɗiba. Abin da ya ja hankalina maganar wani yaro ce cikin leburori, da ya sauke kwano ya dafe wuya ya ce, "Oga, wannan yashin nauyi gare shi kamar ƙarfe." Na ɗebo a tafin hannu. Laushi gare shi kamar gari, ba laka ko kaɗan, baƙi-baƙi da wani ƙyalli, a ciki akwai ƙwayoyi masu launin zuma. Birkila yana ta yabonsa, wai zai yi filasta mai santsi. Na tambayi direban inda aka ɗebo, ya ce bayan wani injin tace kuza.

Na sa aka tsaya, kowa ya wanke hannu da fuska, aka yayyafa wa tulin ruwa aka rufe da tamfol.

Asabar, 15 ga Maris

Wani abokina malamin kimiyya ya zo da na'urar auna radiyeshin, wato tiririn nan da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Ya riƙe ta daidai ƙugu muka zaga. A yamma tana ƙara jefi-jefi, abin da ya ce ba baƙo ba ne a Jos, don duwatsunmu da kansu suna da ɗan nasu. A gabas ta ɗan ƙaru. Da ya ɗaga tamfol ya kusantar da ita ga yashin, sai ta ɓarke kamar ana soya gyaɗa, lambar ta ninka ta yamma fiye da sau goma. Leburorin da suka taru suka ja da baya da kansu. Gani ya kori ji.

Bari in tsaya a nan, don wannan ya shafi gidaje da yawa, ba makarantarmu kaɗai ba. Kuza ba ita kaɗai take zuwa ba. Idan aka wanke ta, nauyinta kan sa ta kwanta tare da wasu ma'adanai masu nauyi. A injin tacewa ana ware kuza da kwalambait, ragowar a zubar. A cikin ragowar nan akwai monazayit, mai launin zumar da na gani, da zakon, kuma suna ɗauke da toriyom da yuraniyom, waɗanda ke fitar da tiririn nan. Ba guba ba ce da ke kayar da mutum nan take, shi ya sa ake raina ta. Illarta a hankali take taruwa, ta hanya uku. Idan aka yi gini da yashin, tiririn da ke fita daga bango yana ratsa jikin mai zama a ɗakin. Ƙurar tana shiga huhu ta zauna. Sannan akwai iskar radon da ke fita daga irin waɗannan ma'adanai ta taru a rufaffen ɗaki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin manyan masu jawo sankarar huhu bayan taba. Mu kuma a Jos, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wa ke buɗe taga? Ƙa'idar duniya ita ce kada tiririn da mutum ke samu daga ayyukan ɗan Adam ya wuce milisibat 1 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin tiririn da jiki ya ɗauka), ban da na asibiti da kuma na halitta, wanda matsakaicinsa a duniya kusan 2.4 ne. Yaron da zai shiga ajin nan yana shekara biyar zai zauna cikinsa har ya sauke.

Muna yara mun yi wasa a kan irin tulin nan, mun gina ɗakunan yashi da shi, iyayenmu mata sun soya gyaɗa da yashin da ba wanda ya tambayi asalinsa. Ba wanda ya gaya musu. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400, shi ma a tsakar gida ya faru, a hannun iyayen da ba su san abin da suka shigo da shi ba.

Asabar, 22 ga Maris

Ni da Liman muka je wurin wanda ya aiko da yashin. Na ji nauyin tafiyar, don mutumin da zuciya ɗaya ya yi. Na yi masa bayani, ya yi shiru, can ya ce, "Malam, da shi na yi filastar ɗakin 'ya'yana." Mun sa rana abokina zai je ya auna masa.

Yashin ya koma inda aka ɗebo shi, a jiƙe, a rufe, masu lodi da takunkumi. An kankare ƙasar da ya zauna a kai aka haɗa da shi, na'ura ta tabbatar wurin ya koma daidai. Amma raina bai kwanta ba, don na san gobe wata tifar za ta ɗiba ta kai wa wani. Kwamiti ya rubuta takarda zuwa hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya da kuma ma'aikatar muhalli ta jiha, mun bayyana abin da muka gani. Daga yau duk tifar da za ta shigo, sai na ga yashin da idona kafin a juye, kuma na rafi kaɗai za mu karɓa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Wannan shafin ya fi kowanne yi mini nauyi.

Ana haƙar ramin sokawe, ya kai mita 2 da rabi. Ƙa'idar da na sani kamar sunana ita ce ramin da ya wuce mita 1.2 ba a shiga sai an tokare bangonsa da katako ko an kwantar da gefensa, kuma ƙasar da aka fitar a ja ta nesa da baki. Na faɗa, amma ban tsaya na ga an yi ba. Na ga marmara ce mai tauri na saki jiki. Daren jiya aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe na wuce kasuwa sayen rodi ban fara biyawa ta fili ba.

Ƙarfe tara aka kira ni. Bango ɗaya ya zubo, tulin da ke bakinsa ya biyo shi, ya danne yaron nan da ya gane nauyin yashi har ƙugu. Allah ya sa ogan birkiloli yana kusa, ya hana a sa diga, ya hana mutane taruwa a baki, aka zura tsani, mutum biyu suka tone shi da hannu da kwano. Ƙasa mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta fi tan ɗaya da rabi nauyi. Da a ƙirji ta same shi, da wani labarin ake yi.

Ƙashin ƙaurinsa ya tsage, an sa masa filasta a asibiti. Na je wurin mahaifiyarsa na durƙusa na ce, "Mama, amanar da kuka ba ni ban riƙe ta yadda ya kamata ba, ki yafe mini." Ta ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma katakon da ban sa an kafa ba ni za a tambaya. Kwamiti ya ɗauki kuɗin magani, kuma za a ci gaba da biyansa kuɗin yini har ya warke.

An tsayar da aiki kwana biyu. Yanzu kowace safiya minti goma muke tsayawa a faɗi aikin ranar da haɗarinsa. Ba mai shiga rami sai na duba shi da kaina, musamman bayan ruwa. Tsani yana ciki kullum, mutum ɗaya yana sama yana kallo. An sayo hular kwano da takalman roba na kowa, an kewaye filin da kwano saboda yaran unguwa.

Litinin, 28 ga Afrilu

An zuba kankaren harsashi, siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, da rodi a ciki duk da ƙasar tana da kyau. Samfuran kankaren da aka gwada bayan kwana 7 sun kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake nema, yadda ya kamata. Bulo ya tashi zuwa daɓe. Kafin a zuba daɓen an shimfiɗa leda mai kauri, an haɗa bakunanta da gam, an toshe duk inda bututu ya ratsa. Tana tare danshi, tana kuma rage iskar da ke tasowa daga ƙasa. Na ƙara ƙananan tagogi a saman kowane aji, gaba da baya, waɗanda ba a rufewa ko da sanyi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Filin wasa. An rufe rijiyoyin biyu. Ana zuba marmara a kan gabas baki ɗaya, kaurin rabin mita, amma ba a tashi ɗaya ba: santimita 15, a yayyafa ruwa, rola ta bi, sannan a ƙara. An ba shi ɗan gangare don kada ruwa ya kwanta, an ja kwata ta kai shi nesa da harsashi. Na gaya wa kwamiti tun yanzu cewa wurin zai riƙa lotsawa nan da can na wasu shekaru, a riƙa cikewa, kuma kada wani ya zo gaba ya ce ga fili a banza a ɗora aji. Na sa an rubuta haka a littafin kwamiti, mutum uku suka sa hannu.

Sakamakon kwana 28 na kankare ya fito, ya wuce abin da ake nema.

An so a haƙa rijiya a gabas tunda ruwa yana kusa. Na ce a'a, ruwan cike ne, hanyarsa ɗaya da tafkin kuza. Burtsatse za a yi a yamma, a sa bututu a toshe ruwan sama-sama, kuma ba mai sha sai an kai shi ɗakin gwaji an duba dalma da sauran ƙarafa da ƙwayoyin cuta.

Litinin, 2 ga Yuni

Azuzuwa huɗu sun kai linta, biyu saura layi uku. Ruwa yana cinye mana kusan kowace yamma, don haka kafinta zai fara haɗa katakon rufi a ƙarƙashin rumfa kafin a tafi hutun Babbar Sallah. Abokina ya sake zagawa da na'urarsa aji-aji da filin wasa, duk lamba ɗaya da ta yamma. Zai dawo bayan an yi filasta.

An auna ɗakin mutumin da ya ba mu yashi. Ya mayar da yaran wani ɗakin, za a kankare filastar a jiƙe bayan Sallah. Maƙwabtansa huɗu sun ce su ma a zo a duba musu, mun sa ranar Asabar ta sama.

Yaron da rami ya danne ya dawo yau yana ɗingishi kaɗan. Ba zai ɗauki kwano ba tukuna, na ba shi tsaron ƙofa da littafin shigowar kaya. Tifar farko da ta zo, kafin in ƙaraso har ya hau ya cika tafinsa da yashin yana jinjinawa. Ya ɗago ya ce, "Oga, wannan na rafi ne, a juye."

Abin da ya rage a asusu zai kai mu rufi. Ƙofofi, tagogi da burtsatse suna jiran gudummawa.